Hannun da Ba a Kallo

Ranar da Direba ya zaro ƙwai daga bakinsa ya miƙa wa matarsa wai ta soya masa, ranar ta tsine wa littafin nan a zuciyarta. Ƙwai ne na gaske, na kaza, yana ta sheƙi da yawu, ga wani zaren miyau ya biyo shi har kan gemu. Shi kuwa gogan sai washe baki yake, ɓarin fuskar da ke iya dariya yana dariya, ɗayan yana rataye abinsa.

"Karɓi mana, Mai Keke. Kin ga kaza a ɗakin nan? Babu. Amma ga ƙwai."

"Tir!" in ji ta, ta ja da baya. "A'uzubillahi. Wallahi ko kare ba zan soya wa wannan ba."

"To mayar da shi cikin 'yan uwansa."

"Cikin waɗanda za mu ci? Haba Baban Auta, ka ji tsoron Allah."

Mai Keke ake ce mata a duk layin, saboda keken ɗinkinta da ke kuka tun safe a ɗakin da ke kallon titi, har mijin ma ya bi sahun mutane. Shi kuma tsohon direban babbar mota ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan hanya, sai da ya dawo gida zai huta hawan jini ya maka shi da ƙasa a ƙofar banɗaki. Ɓarin hagu ya shanye. Ƙafar ta dawo da ƙyar, jan ta yake yi. Bakin ya ɗan karkace. Hannun kuwa ya ƙi, ya lanƙwashe a kan cinya, yatsun sun dunƙule ciki. Ranar da za a sallame su daga asibiti likita bai yi wani ɓoye-ɓoye ba, a gabansa ya faɗa mata: ga ƙwaya fara 'yar ƙarama, kullum da safe, kada a kuskura a tsallake. Wannan faɗuwar ta bar shi da rai, ta biyu ba lallai ta bar shi ba.

Ita kuwa ta riƙe maganar gam. Kullum bayan shayi sai ta zo ta tsaya a kansa a kujerar falo mai hannu, wadda ya mayar mazauninsa, ta ɗora masa ƙwayar a tafin dama. Shi kuma ya gyara zama, ya ɗauki mataccen hannun da na dama ya ɗora shi a hannun kujera, ya watsa ƙwaya a baki, ya yamutsa fuska, ya kora da ruwa. Ta ce, "Buɗe baki." Ya buɗe. Ta ce, "Ɗaga harshe." Ya ɗaga. Sannan ta koma kan kekenta hankali kwance.

A faɗi gaskiya, matar nan ta yi ƙoƙari. Ta yi masa wanka, ta kwashe fo, ta wanke wanduna, don tun da aka fara ƙwayar nan fitsari ke matsa masa, kafin ya ja ƙafa zuwa banɗaki sau da yawa aikin gama ya gama. Duk wannan ta yi, tana toshe hanci ta yi. Abu ɗaya ne ya gagare ta, hannun nan. Sanyi ƙalau, kullum a jiƙe da gumi, kamar ƙafar kazar da aka fige aka manta a ruwa. Daga cikin dunƙulen wani tsami ke fitowa wanda sabulu ba ya kai masa. In ta iso wurin a wanka sai ta kawar da kai, ta goga tsumma sama-sama ta wuce. Tana jin kunyar hakan, ta san hannun da ya ciyar da su ne, amma ta yi ta yi da zuciyarta ta ƙi.

Likitan gashin ƙashi ne ya ja musu littafin. Shi ya ce a nema wa mutumin abin da zai riƙa motsa yatsu da shi, kada zama ya kashe shi. Auta, 'yarsu ta ƙarshe da ke aure a ɗaya ƙarshen gari, ta ji haka ta nufi wajen masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi, ta dawo da wani jibgege mai jan bango, gefensa duk ƙwari sun ci. Na koyon rufa-ido ne, tun daga na kan tebur har na kan dandamali. Kowane shafi hoton hannuwa, wannan a buɗe, wancan a dunƙule, da 'yan kibiyoyi suna nuna inda abu zai bi. Mai Keke ta ɗauka kwana biyu zai yi ya jefar. Ina! Mutumin da ko takardar magani ba ya karantawa ya maƙala tabarau ya duƙufa kamar mai shirin jarrabawa.

Da maɓallanta ya fara. Ta nemi maɓallin rigar mutane ta rasa, sai ya kira ta ya zaro shi daga bayan kunnenta. Daga nan kofunan shayi uku suka bar kicin, ya kifa su a kan tire yana juya su da dunƙulen burodi a ƙarƙashi, burodin ya yi baƙi ƙirin don dauɗa, in ya gama kuma ya jefa a baki. Ya datse mata tef ɗin awo da almakashi wai zai haɗa shi ya koma yadda yake, tef bai haɗu ba har yau. Ya karanta babin da ake sa mace a akwati a raba ta biyu da zarto, ya ɗago ya ƙare mata kallo ta saman tabarau.

"Mai Keke, akwatin nan naki na ƙarfe, kina ganin za ki shiga?"

"Fara shiga, ni zan riƙe zarton."

Duk wannan mai sauƙi ne. Babin baki ne ya fi ƙarfinta. Ita dai ba ta san wane irin ƙazami ya rubuta littafin ba, mutumin da ba shi da ma'ajiya sai kumatu. Ƙwai a baki, zare a baki, allura a baki. Direba ya kwashi allurorinta ya yi kamar ya haɗiye, ya bi su da zare, ya yi ta gurnani yana murza ciki, sannan ya jawo zaren a hankali, allurai na rataye a jikinsa suna ɗigar yawu. Da ya gama sai ya soke su a matashin allurarta, a jiƙe, wai ya dawo da amana. Sai da ta tafasa su a tukunya, tukunyar ma ta daina dafa abinci a ciki.

Wata rana wata ma'aikaciyar banki ta zo gwajin riga, 'yar gayu, tana ta ƙamshi. Direba ya jawo ƙafa ya tsaya a ƙofar ɗakin ɗinki ya gaishe ta, ya yi tari, ya sa yatsu a baki ya fara zaro ƙyalle. Ja, kore, rawaya, ya ƙulla su da haƙori baki da baki, suna ta fitowa sharkaf suna taruwa a ƙasa. Matar ta zuba ido, can ta gane na ƙarshen ragowar yadinta ne. Ta ce, "Sannu, Baba," ta ɗauki jakarta. Aike ta yi aka karɓar mata rigar.

Sai tantabara. Littafin ya ce ɗan dabo bai cika ba sai ya fito da farar tantabara daga hula. Ya lallaɓi maƙwabci ya ara masa guda, ya cusa ta cikin riga tun hantsi yana jiran Auta ta zo. Tsuntsuwa ta gaji da zaman kurkuku ta yi abin da tsuntsaye ke yi, ya gangaro masa har cibiya, sannan ta ɓalle ta wuyan rigar ta yi ta zagaye ɗakin ɗinki tana yi wa yadin mutane ado. Auta ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye.

"Mama, ki ƙyale shi mana. Rabon da ki ga Baba yana dariya haka fa? Dubi yadda ya murmure."

Wannan kuma gaskiya ne, shi ya sa Mai Keke ta haɗiye. Mutumin da a da yake wuni yana kallon bango, yanzu yana da abin tashi da shi. Har fitsarin nan ya daina kufce masa, igiyar shanya ta huta da wanduna. Ta yi hamdala, ta ce sauƙi ne ya samu. In dai da ƙwai a baki sauƙin zai zo, to a yi ta ƙwai.

Ranar komawa asibiti aka ɗaura masa abin awo a damtse. Likita ya duba, ya kwance, ya sake ɗaurawa, ya sake dubawa. Fuskarsa ta canja.

"Mama, ana ba shi maganin kuwa?"

"Kullum. Da hannuna."

"Jinin nan bai yi kama da na mai shan magani ba. Ya kusa komawa yadda yake ranar da aka kawo shi. A haka ko yau zai iya faɗuwa."

Ranta ya ɓaci. Ita za a tuhuma? Ita da ko shayinta ba ta sha sai ta ga ƙwayar nan ta wuce? Ta rantse, ta ƙara rantsewa, har harshe take sa shi ya ɗaga. Likita ya juya ga Direba, shi kuwa ya yi fuskar salihai, ya ce shi dai abin da aka ba shi yake haɗiya. Aka ce su ci gaba, su dawo ba da jimawa ba a sake awo.

Suna dawowa ba a daɗe ba wani ɗoyi ya tashi a falo. Ta leƙa ƙarƙashin kujeru ko ɓera ne ya mutu, ta zubar da shara, ta wanke labule, ɗoyi na nan daram. Da Direba ya shiga banɗaki sai ta bi hancinta har kujerarsa. Ta ɗaga matashin, ta zura hannu a lungun da ke tsakanin mazauni da hannun kujera, ta ɓangaren hagu. Yatsunta suka nutse cikin wani abu mai yauƙi. Ƙwai ne ya ɓoye don wasa ya manta da shi, ya ruɓe, ya fashe. Ta zaro hannu. Kore-kore, baƙi-baƙi, da ɓawo, da gashin tantabara, da ɓarɓashin burodi. A manne da yatsunta kuma ga wasu 'yan fararen abubuwa. Ta kai su gaban taga. Wasu sun narke kamar alli, wasu suna nan garau har da tsagar tsakiyarsu. Ta sake zura hannun, ta kwaso cike da tafi.

Ba ta yi ihu ba. Ta gane ƙwayoyin maganinsa ne. Ta wanke hannu har fata ta yi ja, ta kankare kujerar, ba ta ce masa uffan ba. Ta san mutuminta, in ta tambaya zai rantse, kuma ya canja maɓoya. So take ta kama shi dumu-dumu.

Washegari ta zuba ido kamar mai zura zare a allura. Ƙwaya a tafin dama, ta gani. Ya gyara zama. Hannu ya tafi baki, maƙogwaro ya motsa, ruwa ya bi. Baki wayam, ƙarƙashin harshe wayam. Ta ce ya buɗe tafin, ya buɗe, ya juya shi gaba da baya har da kaɗa yatsu irin na mutanen littafinsa. Da hantsi ya tashi daga kujerar, ta zura hannu a lungun. Ga ta nan, fara tas, ita kaɗai.

Kai, ranar ji ta yi kamar ta cinna wa littafin wuta. Da niyyar hakan ma ta ɗauko shi lokacin da ya yi barcin rana, ta riƙe shi da yatsu biyu don shafukan duk tabon yawu ne da maiƙo. Sai ta fasa. Ƙona littafi ba zai cire abin daga hannun mutumin ba, ya riga ya iya. Ta shige ɗakin ɗinki ta tura ƙofa, ta ɗora shi a kan keke, ta samo farin maɓalli daidai girman ƙwayar, ta tsaya gaban madubin da mata ke duba riga.

Ta nemo babin ɓatar da ƙananan abubuwa ta bi hotunan. Ka nuna abin a hannu ɗaya. Ka kawo hannayenka su haɗu kamar da wani dalili. Ka bar abin a ɗayan, ka tafi da wanda ba komai a ciki a dunƙule, idonka na binsa, to kowa shi zai bi da ido. Ta gwada, maɓalli ya faɗi ya gangara ƙarƙashin keke. Ta sake, ya maƙale a tsakanin yatsu yana leƙe. Tana yi tana tsaki, mace da jikoki tana wasan yara a gaban madubi. Can dai ya yiwu, har ita kanta ta bi hannun wofi da kallo. Haushi ya kama ta da ta ji abin ya ɗan burge ta.

Amma wannan na mai hannu biyu ne. Ta yi ta buɗa shafuka tana neman na mai hannu ɗaya. Akwai na hannun riga, shi kuwa singileti yake sawa da safe. Akwai na aljihu, hannunsa ba ya zuwa aljihu. Duk sauran hotunan hannu biyu ne, hannu biyu, hannu biyu. Ta rufe littafin da ƙarfi ta ce a fili, "To shi da yake da guda ɗaya fa?" Ta ɗago ta ga kanta a madubi, maɓalli na dunƙule a hannunta na hagu. Biyu gare shi, ita ce ta daina lissafi da ɗayan.

Da safe ta kawo shayi, ta kawo ruwa, ta ɗora ƙwaya a tafin dama. Direba ya gyara zama, ya kai hannu zai ɗauki mataccen. Daidai nan ta ji wuyanta yana juyawa da kansa zuwa ga kofin ruwa, yadda ya saba. Ta danne shi, ta kalla. Ta ga babban yatsa ya tura 'yar farar ƙwayar cikin dunƙulen, ta shige tsakanin yatsun ta ɓace. Hannun dama ya tashi wayam zuwa baki, fuska ta yamutse, ruwa ya bi. Ya wangale baki tun kafin ta ce.

"Rufe bakinka, Baban Auta. Wancan za a buɗe."

Ya bi idonta har kan hannun. Dariyar ɓari ɗayan ta ɗauke. Bai yi musu ba.

"Kashe kanka za ka yi?" in ji ta. "Ka ji abin da likita ya ce, a gabanka ya faɗa. Ni kuma ka mayar da ni sakarya, ina ta rantsuwa a gaban mutane, kai kana yi mini dabo da ranka! Me na yi maka?"

"Ba ki yi mini komai ba." Maganar na fita a hankali ta gefen baki. "Ƙwayar nan fitsari take sa ni, kin sani. Ina jin ki a bakin famfo in kina wankin wandunan. Kina kakarin amai, kina ƙara buɗe famfo don kada in ji. Na ce gara in sauƙaƙa miki."

"Sauƙi? In wayi gari in tsince ka a ƙasa, shi ne sauƙin?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kuma ka rasa inda za ka ɓoye sai a nan?"

"Ai mai littafin ne ya ce. Wai ka ajiye abu a inda ɗan kallo ba ya son kai idonsa. Ya ce gano wurin shi ne wahalar sana'ar, wani sai ya shekara yana nema." Ya ɗan ɗaga kafaɗar da ke ɗaguwa. "Ni ban nema ba, Mai Keke. Tun da na dawo daga asibiti ba ki taɓa kallonsa ba."

Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Ashe duk kawar da kan da take yi a wayance, tana ganin ta iya, mutumin yana kallo.

Ta ajiye kofin. Ta durƙusa a gaban kujerar ta ɗauki hannun da hannayenta biyu. Sanyi, danshi, nauyi. Ta fara buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, suna turjewa suna komawa. Tsamin ya bugi hancinta, kunyar ba ta rage mata komai ba, ƙyamar na nan yadda take. Tafin ya yi fari fat ya yamutse, dauɗa ta kwanta a layukansa, farce ya yi tsawo ya huda fata har ya yi ɗan miki wanda ba wanda ya sani. Ƙwayar na manne a tsakiya, ta fara narkewa da gumi.

"Bar shi," in ji shi. "Na san yana wari."

"Yana yi," ta ce. "Sosai ma."

Ta ɓamɓare ƙwayar ta yar. Ta miƙa hannu kan tire ta ɓallo sabuwa daga katin maganin, ɗayan hannun na riƙe da nasa, ta kai masa har baki da kanta. Ya tsuke leɓe.

"Wandunan fa?"

"Zan wanke. Zan yi kakarin amai kuma, ka ji da kunnenka, ba zan ƙara ɓoyewa a bayan famfo ba. Buɗe."

Sannan ya buɗe, ta ɗora masa a kan harshe, ta kafa masa kofi, maƙogwaron ya motsa. Ita kuwa tana nan a durƙushe, zuciyarta na tashi, yatsun nan masu sanyi suna ta komawa suna rufewa a kan nata, ba ta zare ba.